Minti takwas na Falaba

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara, daga Yelwa zuwa Warra, ya san abubuwan da ke cin jirgi. Ko iskar farkon damina, ko kututturen itacen da tabkin Kainji ya haɗiye tun 1968 yana nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, ko lodin da ya wuce kima, ko tsohon katakon da aka gaji da toshewa. Dorina ma takan yi nata. Amma duk cikinsu babu mai niyya; kututture ba ya zaɓen jirgi. Abin da ban taɓa jin wani Basarke ya sa a lissafinsa ba shi ne mutum ya laɓe a ƙarƙashin ruwa, ya ƙare wa jirgin fasinja kallo, sannan ya harbe shi da gangan. An yi haka kuwa, kuma jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasarmu da Ingila suna cikin waɗanda aka fara yi wa.

Kafin zuwan jirgin sama, hanya ɗaya ce tsakanin Nijeriya da Turai, kuma kamfanin Elder Dempster na Liverpool ne babban mai riƙe da ita. Yaranmu na yau ƙwallo kaɗai suka san garin da ita, alhali can ne gyaɗar Kano da fatun Sakkwato da kuzar Jos suke sauka. Kamfanin yakan sa wa jiragensa sunayen garuruwanmu: Jebba, Zaria, Apapa, Accra. Di'on da ke zaune a Yelwa, a wancan lokaci ƙarƙashin lardin Kontagora, in hutunsa ya zo sai ya bi doki ko kwalekwale har ya riski layin dogo, ya gangara Ikko, ya hau ɗaya daga cikin jiragen nan. A cikinsu wasiƙu ke zuwa, da kuɗin azurfa, da yadi, da harsasai.

Falaba, ɗaya daga cikin jiragen kamfanin, mai sunan wani gari a Saliyo, ya bar Liverpool da yammacin Asabar, 27 ga Maris 1915, da mutum sama da 240. Da yawan fasinjojin ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka ne da 'yan kasuwa masu komawa bakin aiki. A ma'ajiyarsa akwai tan 13 na harsasai da albarushi na gwamnati, ga shi ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ya kai har Kamaru, inda sojojinmu ke fafatawa da Jamusawa a Garwa da dutsen Mora. Kashegari, gab da tsakar rana, a mashigin tekun da ke tsakanin Wales da Ailan, sai ga jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-28, ya biyo shi a fili. Kyaftin ɗin Falaba ya gwada gudu, amma na bayan ya fi shi sauri. Kwamandan Jamusawan, von Forstner, ya ba da alamar a tsaya, kowa ya fita daga jirgi. A nan mai aikin wayar iska ya riga ya aika kiran neman agaji.

Minti nawa aka ba su? Shekara ɗari da 'yan kai ke nan ba a daidaita a kan wannan ba. Jamusawa sun ce sun jira minti 23. Ingilishi sun ce ko goma ba a cika ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne ana cikin sauke kwalekwalen ceto, mutane cike da saman jirgi, aka sako masa tofido. Cikin minti takwas Falaba ya tafi ƙasa. Mutum 104 suka rasu, har da kyaftin ɗin. Yawancin waɗanda suka tsira wani ƙaramin jirgin masunta mai suna Eileen Emma ne ya tsamo su, aka kai su Milford Haven.

Jirgin ƙarƙashin ruwa ba tsafi ba ne. Wanda ya taɓa ganin masunci kwance a kan gora ya riga ya san ƙa'idarsa: muddin iska na cikin gorar tana ɗauke da shi, ruwa na shiga ta yi ƙasa. Jirgin yana da tankuna a jikinsa. In za a nutse a buɗe su ruwa ya cika, in za a taso a hura musu matsattsiyar iska ta kore ruwan. A sarari injin dizal ke jansa, a ƙasa kuwa batir, wanda ba ya sauri kuma ba ya daɗewa. Don haka na wancan zamani rabin rayuwarsu a sarari suke yi, sai sun hango abin farauta su lafe kamar kada, su bar bututun leƙe kaɗai a waje. Tofido shi ne makamin: dogon bam mai injinsa da farfelarsa, yana gudu 'yan taku kaɗan ƙarƙashin fuskar ruwa, ya fashe a jikin jirgi daidai wurin da ruwa zai kwararo ciki.

To amma dokar yaƙin teku da aka gada ba ta san da irin wannan halitta ba. Cewa ta yi in ka tare jirgin da ba na soja ba, ka tsayar da shi, ka bincika kayansa, ka tabbatar mutanen ciki sun sami mafaka kafin ka nutsar da shi. Babban jirgin yaƙi yana iya yin haka, har ya kwashi mutanen. Shi kuwa wannan, fatarsa ba kauri, mutum talatin da 'yan kai ne a cushe cikinsa, babu wurin baƙo ko ɗaya, kuma da zarar ya fito fili to harsashin igwa ɗaya ya ishe shi. Ingila ta san haka, sai ta shiga ɗora wa jiragen 'yan kasuwa bindigogi, ta umarce su da su banke shi in sun samu dama, ta kuma ɓad da kamar wasu jiragen yaƙi su zama tarko. Ita ma ta datse wa Jamus hanyar abinci ta teku. Ranar 4 ga Fabrairu 1915 Jamus ta ce duk ruwan da ke kewaye da Birtaniya ya zama fagen fama daga 18 ga watan. Wannan duka ya bayyana mini dalilin gaggawar von Forstner, amma bai wanke shi ba. Yana tsaye a sarari, da rana tsaka, yana ganin mutane rataye a jikin igiya.

Sai dai in aka bi yadda mutanen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba fashewar ce ta kashe yawancinsu ba. Sauke kwalekwale cike da mutane daga tsayin bene biyu ko uku aiki ne na gwanaye, igiya biyu ce ke riƙe da shi, in ta gaba ta riga ta baya sakuwa sai ya zubar da kowa. Wasu kwalekwalen Falaba haka suka yi, wasu suka kife da taɓa ruwa. In kuma jirgi ya karkata, na gefen da ya ɗaga sai su manne a jikinsa su ƙi sauka, na gefen da ya sunkuya su yi nesa da mai son shiga. Sannan ga sanyi. Ruwan can a watan Maris bai kai digiri 10 ba. Mu da muka saba da ruwan Kwara mai ɗumi muna ɗauka iya iyo shi ne tsira. A irin wancan ruwa numfashi ke fara ƙwacewa, kafin minti goma ko sha biyar yatsu sun daina kama igiya, gwanin Gungawa da ɗan birni duk ɗaya suke in babu rigar da za ta riƙe kai a sama.

Cikin 104 ɗin nan, sunan mutum ɗaya ne ya shiga littattafan siyasar duniya: Leon Thrasher, injiniyan haƙar ma'adinai da ke kan hanyarsa ta zuwa ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Ba'amurke ne, Amurka kuwa ba ta shiga yaƙin ba tukuna, don haka gwamnatin Woodrow Wilson ta yi ta muhawara a kansa. Ana cikin haka, kwana arba'in cif bayan Falaba, ranar 7 ga Mayu, U-20 ya harbi Lusitania a gaɓar Ailan ba tare da gargaɗi ba. Minti 18 ya yi ya nutse da kusan mutum 1,200, Amurkawa 128 a ciki. Kwalekwale shida kawai cikin 48 aka iya saukewa lafiya. Daga ranar nan aka daina zancen Falaba. Alƙali ɗaya ne, Lord Mersey, ya binciki su biyun, shi ne kuma ya binciki Titanic a 1912, kuma a duka na yaƙin ya ɗora laifin kacokan a kan Jamusawa.

A nan gida, shekarar ce Turawa suka tuɓe Sarkin Bussa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, har wani mai suna Sabuki ya ja mutane suka yi tawaye a watan Yuni. Ba Falaba ne ya haddasa wannan ba. Amma mulkin da 'yan tsirarun Turawa ke riƙe da shi, sojojinsu na Kamaru, ma'aikatansu da wasiƙunsu sai sun ratsa tekun da ake farautarsu, ba ƙaramin rauni ya nuna ba a shekarun nan.

Ranar 1 ga Fabrairu 1917 Jamus ta yar da sauran kunya, ta ce za ta harbi kowane jirgi ba sallama. Amurka ta shiga yaƙin a Afrilu. A wannan yanayi Apapa ya taso daga Ikko ya biyo ta Saliyo. Ya yi doguwar tafiyar cikin ayari da rakiyar jiragen yaƙi, saura 'yan awoyi ya isa Liverpool yana tafe shi kaɗai, da asubahin Laraba, 28 ga Nuwamba, kusa da tsibirin Anglesey, U-96 ya same shi. Mutane suka shiga kwalekwale cikin natsuwa, sai aka ƙara masa tofido na biyu, wanda ya tarwatsa ɗaya daga cikinsu. Jirgin ya kwanta a kan wasu. Mutum 77 suka halaka, fasinja 40, ma'aikata 37.

Ma'aikatan nan su suka fi tsaya mini a rai. Elder Dempster yana ɗaukar mutanen Afirka ta Yamma, 'yan Saliyo da 'yan ƙabilar Kru na Laberiya da 'yan gaɓar Nijeriya, aikin zuba gawayi a tukunyar jirgi, a kan albashin da bai kai na Turawa ba. Wurin aikinsu shi ne can ƙurya, ƙasa da layin ruwa, cikin zafi, matakala bayan matakala kafin su ga sararin sama. Su ne na farko da ruwa ke tararwa, su ne na ƙarshen fitowa. Ba su da hannu a rigimar Jamus da Ingila. Yaƙin duniya na biyu ma bai bar hanyar ba: ranar 29 ga Oktoba 1942 aka harbi Abosso, shi ma na kamfanin, a tsakiyar Atlantika, mutum 362 suka tafi, 31 kaɗai suka tsira a kwalekwale guda.

Kun lura ina ta kawo alƙaluma ba "wajen" ba "kimanin": 104, 77, 362. Dalili shi ne kafin kowane ɗayan jiragen nan ya tashi, wani akawu ya zauna ya rubuta sunan duk wanda ya hau, ya ajiye kwafi a tudu. Ko ɗan zuba gawayin da aka raina yana cikin littafi, ko da da sunan da Turawan jirgi suka laƙaba masa ne. Ma'aikatan da teku ta riƙe gawarsu an zana sunayensu a allunan tagulla a Tower Hill cikin Landan, ƙarƙashin sunan jirginsu. Wasu da ruwa ya turo an binne su a arewacin Wales.

Ita ma 26 ga Mayu 2021 Laraba ce, kamar ranar Apapa. Babu yaƙi, babu duhu, babu wanda ya laɓe a ƙarƙashin ruwa. Jirgin katako ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufo Warra da mutane da kaya maƙil, ya tsage a tsakiyar ruwa. Mutum ashirin da 'yan kai aka ceto. Ko a ranar, hukumomi ba su haɗu a kan yawan waɗanda suka hau ba: wannan ya ce 160, wancan ya ce 180. Masunta da masu nutso na garuruwan bakin ruwa suka kwana da kwanaki suna tsamo gawa, ana yi musu salla rukuni-rukuni. Sauran lissafin a gidaje aka yi shi, daga Warra har ƙauyukan ƙetare, kowace uwa tana ƙirga wanda ya fita da safe bai dawo ba.