Wutsiyar Jirgin da Ake Haɗawa a Gareji: Me Alƙaluma Ke Cewa?

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera jirgin sama a garejin gidansa, ya kuma tashi da abinsa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Ita ce ƙa'idar da ake kira ta kashi 51 cikin ɗari. Kamfanin da ya fi cin wannan kasuwa shi ne Van's Aircraft na garin Aurora a jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Jiragensa samfurin RV sama da 11,000 aka kammala suka tashi. Ba baƙi ba ne a Nijeriya ma: Air Beetle, wanda aka haɗa kimanin 60 a Kaduna don koyar da matuƙan sojan sama, daga RV-6A aka samo shi.

Kashi huɗu ake sayen kayan: wutsiya, fikafikai, gangar jiki, sai kayan ƙarasawa. Kusan kowa da wutsiya yake farawa, don ita ce mafi araha, in ya ɓata wani yanki ya sake saye ba tare da ya ji a jika ba. A nan ne kuma hannu ke faɗawa. Ana kiyasta samfurin RV-7 yana cin sa'o'i wajen 1,500, wato shekara uku ga mai ba shi sa'a goma a mako, kuma kaso mai yawa na lokacin a kan abu ɗaya yake tafiya: ƙusar ribit, wadda jirgi guda ke ɗaukar fiye da 10,000.

Lambar da ke jikin ƙunshin ribit ɗin cike take da bayani. Ɗauki AN426AD3-3.5. Lambar 426 na nufin kansa zai nutse ya yi daidai da fatar jirgi, don kada ya tare iska. AD nau'in alminiyam ɗin ne. Lambar 3 kauri ce, kashi 3 cikin 32 na inci, milimita 2.4 ke nan. Ita kuwa 3.5 tsawo ce, ana ƙirga ta da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta ba da milimita 5.6. Bakin huji mai lamba 40 ake yi masa rami da shi, faɗinsa milimita 2.5. Rarar da ke tsakanin ribit da raminsa kenan ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da wani abin kirki ba.

Sai dukan. Kafin a buga, jelar ribit ta leƙo ta bayan faranti da tsawon kaurinsa ɗaya da rabi. Mutum ɗaya na riƙe da bindigar iska ta waje, ɗaya hannun ko abokin aiki na tokare da dunƙulen ƙarfe ta ciki, jelar ta baje. In an yi daidai, faɗin sabon kan zai kai kauri ɗaya da rabi, milimita 3.6, tsayinsa rabin kauri, milimita 1.2. Ya fi haka tsayi, dukan bai isa ba. Ya lafe ƙasa da haka, an wuce gona da iri, sai a huje shi a sa wani. Daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kuma a bar ninki biyu na kaurin, milimita 4.8, in ba haka ba gefen yana iya yagewa. Masu aikin suna da ɗan ma'auni mai rami da tsaga da suke gwada kowane kai da shi, har ido ya saba.

Abin da ke ba sabon shiga tsoro shi ne fatar. Tana kamawa daga inci 0.032 a sassan da ba sa motsi zuwa 0.016 a faifan da ke juya hancin jirgi dama da hagu, wato ƙasa da rabin milimita, kusan kaurin katin gayyatar biki. Bindiga ta zame sau ɗaya, lotsawar ta zauna har abada. Siranta fatar kuwa da gangan ne. Nauyi a bayan hinji yana jawo karkarwar da kan wargaza wutsiya cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake ɗaura dalma a gaban hinjin faifan hawa da sauka, shi ya sa kuma aka kafa wa RV-7 iyakar gudu ta mil 230 a sa'a, kimanin kilomita 370. Fenti mai kauri kaɗai yana iya ɓata wannan daidaito.

A ganina waɗannan ƙananan alƙaluma sun fi manyan nauyi, kuma kamfanin da kansa ya ɗanɗana. A 2023 aka gano tsagewa a bakin ramukan wasu sassa da aka yanka da hasken lesa, bayan an lotsa ramin don kan ribit ya zauna. Kuɗin musanya su na cikin abubuwan da suka kai Van's gaban kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a Disamba 2023, kafin ya farfaɗo a 2024.

Wani nazari da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen haɗin gida kusan kashi 10 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ke da kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Kada a ɗora wa wutsiya wannan: matsalar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi su ne kan gaba. Duk da haka, ko bayan mai bincike ya sa hannu, sai sabon jirgi ya yi gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki, a al'adance sa'o'i 25 ko 40 gwargwadon irin injinsa, kafin a ba shi izinin ɗaukar fasinja.