AJIYE SABABBIN 'YA'YAN KIFI KAFIN TAFKI YA GYARU

Gabatarwa

Manomi, sau da yawa 'ya'yan kifi sukan iso gida alhali tafki ko kwamin da za a zuba su bai shirya ba. Ka riga ka biya kuɗi, mai ƙyanƙyasa ya aiko, ga kifi cikin jarka ko leda a ƙofar gida, ga kuma tafki da matsala. Wasu sukan ce, "A zuba su kawai, ai ruwa ruwa ne." Gari na wayewa sai a tarar da su birjik a saman ruwa, ciki sama. Kuɗin iri ya tafi, ga shi sai an sake jiran wata ƙyanƙyasar.

Ba dole ne haka ta faru ba. Ɗan kifi yana iya zama mako ɗaya ko biyu a ƙaramin mazubi mai tsabtataccen ruwa, amma ba ya iya kwana ɗaya a babban tafki mai mugun ruwa. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka yi wa kifinka masauki na ɗan lokaci. Bayanin ya shafi 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa masu tsawon ɗan yatsa.

Yaushe ne tafki ba shi da aminci?

Kada ka zuba kifi idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafi tafkinka:

1. Sabon kwamin siminti. Siminti yakan saki wani kaifi cikin ruwa irin na ruwan toka. Wannan kaifi yana ƙona fatar kifi da jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa wanda yake numfashi da shi.

2. An barbaɗa farar ƙasa mai ƙarfi don kashe ƙwayoyin cuta, kuma mako biyu bai cika ba.

3. Taki ya yi yawa. Ruwa ya yi kore shar har da kauri, ko ya yi baƙi yana wari. In ka tura hannu cikin ruwa tafinka ya ɓace tun ruwan bai kusa gwiwar hannu ba, to, takin ya wuce kima. Irin wannan ruwa iskar shaƙa takan ƙare a cikinsa da asuba.

4. Maganin feshi ya shiga. Ko dai ruwan sama ya wanko shi daga gona, ko wani ya wanke famfon feshi a bakin tafki. Magungunan ƙwari da ake fesa wa wake, tumatir da auduga suna kashe kifi, ko da kaɗan ne suka shiga ruwa.

5. Kifin da ke ciki suna ciwo, ko sun mutu kwanan nan ba a san dalili ba.

6. Akwai maƙiya: kwaɗi, macizai, guza, ko manyan kifin da suka rage cikin taɓo. Ka san gaiwa takan binne kanta cikin laka ta jira ruwa ya dawo.

Zaɓen masauki

Abin da ke gidanka ma ya isa. Kana iya amfani da duron roba da aka raba biyu, babban bahon roba, tankin roba, ko tamfol da aka shimfiɗa cikin akwatin katako. Mazubi mai faɗin baki ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Zurfin ruwa daga santimita 30 zuwa 40 ya wadatar, wato ƙasa da gwiwa.

Kada ka yi amfani da mazubin da aka taɓa sa maganin feshi, fetur, gas ko baƙin mai, kome wankin da aka yi masa. Haka kuma ka guji bokitin ƙarfe mai ƙyalli irin na kwanon rufi, da tukunyar tagulla, don ƙarfen yakan narke kaɗan kaɗan cikin ruwa ya cuci kifi. Ka wanke mazubi da gishiri da ruwa kawai. Ban da sabulu, ban da omo.

Ka ajiye shi a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bishiya, nesa da kaji da yara. Ka rufe bakinsa da raga ka ɗaure, saboda tarwaɗa gwanar tsalle ce, ga tsuntsaye da kyanwa. Kada ka rufe da murfin da zai toshe iska.

Idan maƙwabcinka yana da tafki mai lafiya, akwai wata dabara. Ka ɗinka raga mai ƙananan idanu kamar gidan sauro da aka kifar, tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Ka kafa sanduna huɗu cikin tafkin ka ɗaura ta, bakinta ya ɗara ruwa da kamar taƙi ɗaya da rabi. Wannan ya fi dacewa da karfasa.

Abin lura: kada ka kuskura ka yi wannan aiki da gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti. Maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Kada ma ka rufe mazubi da shi.

Kifi nawa za ka zuba?

Babban duro yana cin lita 200, rabinsa lita 100. A rabin duro kada ka wuce 'ya'yan tarwaɗa 100. In karfasa ce, 25 zuwa 30 sun isa. Dalili kuwa, tarwaɗa tana da wata halitta a cikin kanta da ke ba ta damar haurowa ta shaƙi iska a saman ruwa. Karfasa ba ta da wannan, iskar da ke cikin ruwa kaɗai ta dogara da ita. Idan kifinka sun fi haka yawa, ka ƙara mazubi. Gara mazubi uku da kifi a sake da mazubi ɗaya a cunkushe.

Ruwan da ya dace

Kada ka ɗebo daga tafkin da kake gudu. Ka nemi ruwa daga ɗaya cikin waɗannan:

Ruwan rijiya ko na rijiyar burtsatse yana da kyau, sai dai iskar shaƙa ba ta da yawa a cikinsa lokacin da ya fito daga ƙasa. Ka zubo shi daga sama yana fantsama, ko ka bar shi ya kwana a buɗe.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, maganin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta. Ga mutum alheri ne, ga kifi guba ne. Ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya yi kwana biyu kafin ka yi amfani da shi.

Ruwan rafi kuwa, sai ka tabbata ba a feshi ko wanki ko rini a samansa. Ka tace shi da ƙyalle.

Ya kamata kullum kana da duro ɗaya na ruwan ajiya a gefe, a inuwa ɗaya da kifin, don zafinsu ya zo daidai.

Yadda ake sauke kifi

Kifin da ya sha tafiya a mota a gajiye yake. Ruwan da ya zo a ciki ya yi zafi, ya yi datti. In ka juye shi farat ɗaya cikin ruwa mai sanyi, jikinsa zai kaɗu, ko bai mutu nan take ba zai kwanta ciwo.

1. Idan cikin leda suka zo, ka ɗora ledar a kan ruwan masauki ba tare da ka kwance ba, ta yi minti 20 zuwa 30.

2. Ka buɗe, ka riƙa ƙara ruwan masauki kofi kofi, har ruwan ciki ya ninka. Idan cikin jarka suka zo, haka za ka yi ta ƙara ruwa a hankali.

3. Ka kwashe kifin da 'yar koma mai laushi ko matacin roba ka sa su a masauki. Ruwan da suka zo a ciki ka zubar da shi nesa.

4. Kada ka kama su da busasshen hannu. Santsin jikin kifi shi ne rigarsa, in ya goge cuta ta sami ƙofa.

Ka yi wannan aiki da sanyin safiya ko da yamma, ba da tsakar rana ba.

Gishiri yana taimakon kifin da ya gaji. Ka narkar da cikin ƙaramin gwangwanin madara ɗaya na gishiri, kimanin giram 200, a bokiti, sannan ka zuba cikin lita 100 na ruwa. Wato giram 2 ke nan ga kowace lita. Wannan na kwana biyu ko uku na farko ne. In ka canza rabin ruwa, sai ka ƙara rabin gwangwani.

Kulawa ta kullum

Nan ne yawancin asara take aukuwa, kuma tausayi ne ke jawo ta. Manomi ya ga kifinsa ƙanana, sai ya yi ta watsa musu abinci. To, ka sani masauki ba wurin girma ba ne, wurin tsira da rai ne. Yunwar kwana biyu ba ta kashe ɗan kifi mai tsawon yatsa. Ƙazantar ruwa kuwa tana kashe shi cikin dare ɗaya.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya daga jikinsa, ragowar abinci da kashinsa su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A babban tafki ruwa da yawa ne, ga tsiro da ƙananan halittu masu cinye ta. A rabin duro kuwa babu mai cinye ta, taruwa take yi. Iyakar abincin da ka ba su, iyakar yawan gubar. Kuma ta fi ƙarfi idan ruwa ya yi zafi ko yana da kaifin siminti. Maganinta biyu ne: rage abinci da canza ruwa.

Abinci. Ranar farko kada ka ba su kome. Daga rana ta biyu ka ba su sau ɗaya a yini, abincin kifi mai ƙananan ƙwayoyi, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyar. Ban da dusa, ban da ragowar tuwo, ban da jini ko hanjin kaji.

Canjin ruwa. Kowace rana ka rage sulusi zuwa rabin ruwan ka maye da sabo daga duron ajiya. Ka yi amfani da tiyo ka zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasa, amma ka ɗaura raga a bakin tiyon kada ya ja kifi. In ruwa ya fara wari ko kumfa, ka canza safe da yamma.

Zafi da sanyi. Tarwaɗa da karfasa sun fi jin daɗin ruwa mai digiri 25 zuwa 30. Ƙaramin mazubi yana saurin zafi, yana saurin sanyi. Da bazara ka ƙara inuwa. Da hunturu ka shigar da mazubi ɗaki mai iska, ko ka kewaye shi da zana. In ruwa ya yi sanyi ƙwarai kifi sukan daina cin abinci, kada ka tilasta musu.

Ware manya. Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. In ka ga wasu sun fi sauran girma sosai, ka ware su a wani mazubi, in ba haka ba kullum lissafinka zai riƙa raguwa ba ka ga gawa ba.

Alamomin haɗari

Ka duba kifinka da asuba, da rana, da kuma kafin ka kwanta. Karfasa ta taru a saman ruwa tana buɗe baki, iska ce ta ƙare. Tarwaɗa takan hauro ta shaƙi iska ta koma, wannan ba laifi. Amma in ka ga sun tsaya tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa motsi, ruwa ya ɓaci. A duka biyun, ka canza rabin ruwa nan da nan, ka riƙa ɗiba da kwarya kana zubowa daga sama, ka dakatar da abinci. Duk wanda ya mutu ka cire shi ka binne. Idan ka ga fararen ɗigo ɗigo a jikinsu, ko gyambo, ko suna goga jiki da bangon mazubi, ka kira malamin kifi. Kada ka sayi magani a kasuwa ka zuba da ka.

Wannan jira yana da wata riba. Idan sababbin kifi sun zo da cuta, a masauki za ta bayyana, ba ta kai ga tafkinka ba.

Gyaran tafki da gwaji

Kifi na masauki, kai kuma kana gyara. Sabon kwami ka cika shi da ruwa ya jiƙa, kana zubarwa kana gogewa kana sake cikawa duk bayan kwana uku ko huɗu, har mako biyu ko fiye. Tafkin da taki ya yi wa yawa, ka rage ruwansa ka ƙara sabo. Wanda maganin feshi ko cuta ta shiga, ka zubar da ruwan duka inda ba zai gangara rafi ba, ka bar ƙasan ya sha rana har ya tsattsage. Ka yi jinga ta tare ruwan gona. Idan malamin kifi yana da abin awon pH, ruwan da ya nuna 6.5 zuwa 8.5 shi ne daidai.

Kada ka yarda da ido kaɗai. Ka sa kifi biyar zuwa goma cikin 'yar raga a tafkin, ka bar su kwana biyu. In suna nan lafiya suna cin abinci, sai ka kawo sauran, ta hanyar nan ta ƙara ruwa a hankali. In sun mutu, ka yi asarar goma ka tsirar da ɗaruruwa. Idan ka ga gyaran zai wuce mako biyu, ka nemi aron tafki ko ka ƙara mazubai ka rarraba su.

Ka tuna

Tsabtataccen mazubi, inuwa, abinci kaɗan, canjin ruwa kullum, gwaji kafin zubawa. Nan gaba kuma, ka gama shirya tafki ka gwada shi tukuna, sannan ka aika a kawo iri. Rigakafi ya fi magani.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin kula da kifi na jiharku.