Me ya sa cakulan Gana bai yawaita ba?

Gana da Kodebuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma galibi danyensa suke lodawa a jirgin ruwa. Mai son kafa karamar masana'antar cakulan a Gana, jari ne ke fara kayar da shi. Hukumar COCOBOD ce ke rike da cinikin koko, farashin kuma na bin dala, alhali shi mai masana'antar sidi, kudin Gana, yake samu. Injin gasawa da na nika daga waje ake sayo su, haka madarar gari da sukari. Ga kudin lantarki, domin cakulan ba ya jure zafi. Wuta ta dauke, kaya su narke. Bankuna kuwa a 2023 kudin ruwansu ya kai wajen kashi 30 cikin dari, ga neman jingina. Shi ya sa masu farawa da yawa ke dogara da ajiyarsu, taimakon dangi, ko tallafin kungiyoyin waje.