Farautar dogaye: abin da jami'o'in Amurka ke nema a wurin matasan Afirka

A shekarar 1980 wani matashi ɗan Legas ya sauka a filin jirgin saman Houston bai tarar da kowa yana jiransa ba. Da ya buga waya ofishin masu horar da ƙwallon kwando na jami'ar birnin, sai aka ce masa ya hau tasi ya ƙaraso. Sunansa Hakeem Olajuwon. Bai daɗe da fara wasan ba, domin a gida an fi saninsa da tsaron raga a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu. Shekararsa ta farko bai buga wa jami'ar wasa ko ɗaya ba, ta biyu kuma daga benci yake tasowa. Koci Guy Lewis ya yi haƙuri da shi, shi kuma ya shafe hutu yana gwabzawa da Moses Malone a wajen atisaye. A 1983 da 1984 ya kai Houston wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, sannan aka zaɓe shi na ɗaya a NBA, gaba da Michael Jordan.

Haƙurin da aka yi da shi ne ya yi ƙaranci a yau, kodayake kasuwar dogaye ba ta faɗi ba.

Masu horarwa a Amurka suna da wata magana da suka daɗe suna yi, cewa ana koya wa yaro jifa da gudu, amma ba a koya masa tsawo. Kwando yana sama da ƙasa da ƙafa 10, don haka ɗan tsakiya mai ƙafa 7 yana tare jifan abokan hamayya, ya cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando, ya kuma zura daga kusa inda kuskure bai da yawa. Tasirin irin waɗannan 'yan wasa ya kai har aka haramta dangwara ƙwallo kai tsaye cikin kwando a jami'o'i daga 1967 zuwa 1976, dokar da mutane da yawa ke dangantawa da Lew Alcindor na UCLA, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar.

Abin da ya sauya lissafi shi ne layin maki uku, wanda ya shigo gasar jami'o'i a kakar 1986. Da ƙungiyoyi suka ƙware a jifa daga nesa, sai suka gano hanyar wahalar da dogo mai nauyin jiki: a janye shi daga ƙarƙashin kwando zuwa fili, inda gajere mai zafin nama zai wuce shi. NBA ta rungumi wannan salo gaba ɗaya. Jami'o'i kuwa ba su kai nan ba, saboda matasan da ke jifa daga nesa ba tare da kuskure ba ba su da yawa.

Labarin Zach Edey na jami'ar Purdue ya nuna fuskokin biyu. Ɗan Kanada ne mai ƙafa 7 da inci 4, wanda masu tantance ɗaliban sakandare ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. A 2023 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jami'o'i, amma a zagayen farko na gasar ƙasa wata ƙaramar jami'a, Fairleigh Dickinson, wadda 'yan wasanta suka fi na kowa gajarta a rukunin, ta yi waje da Purdue. Shekara ta zagayo ya sake lashe kambun, ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe, ya ci maki 37, duk da haka UConn ta yi nasara da 75 da 60. Ita ma da nata dogon, Donovan Clingan.

Sai kuɗi ya shigo. Tun Yulin 2021 an yarje wa ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, kuma a shekarar aka sassauta dokar sauya jami'a, ɗan wasa ya koma wata ya fara bugawa nan take. Daga 2025 jami'o'in da kansu suna biyan 'yan wasa. Dogon da NBA ba ta ɗoki a kansa ya samu dalilin zama a makaranta. Oscar Tshiebwe ɗan Kongo ya zama gwarzon shekara a Kentucky a 2022, ya ƙara shekara guda, kuma da ya fito a 2023 babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi. Haka ya faru da Adama Sanogo ɗan Mali, wanda ya jagoranci UConn ta ɗauki kofi a 2023 yana azumin Ramadan.

Ga koci, wannan tsari ya sauƙaƙa zaɓi. Me zai sa ya ɓata shekara biyu yana koyar da ɗanyen yaro, alhali zai iya ɗauko mai shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a? Ko ya yi wahalar renon, wata mai kuɗi na iya ɗauke masa shi. Saboda haka yanzu ana son matashi ya iso da ƙafa mai sauri, ya iya tsaron gajere a fili, ya iya miƙa ƙwallo, in da hali har da jifa daga nesa.

Nan ne batun ya shafi Najeriya. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya jagoranci Toronto Raptors ta lashe kofin NBA a 2019, ya kafa shirin Giants of Africa tun 2003 don zaƙulo matasa da horar da su. NBA ma tana da makarantar horo a Saly ta ƙasar Senegal, inda Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya fito ya wuce jami'ar Duke. Waɗannan hanyoyi ne sanannu. A gefensu akwai dillalai da ke zuwa wa iyaye da alkawarin karatu kyauta don kawai yaro ya fi sa'o'insa tsawo. Uban da aka zo wa da irin wannan tayi ya kamata ya san sunan makarantar, da wanda zai riƙe yaron, da abin da zai biyo baya idan gwiwa ta samu matsala. Ya kuma sani cewa bizar ɗalibi ta taƙaita neman kuɗi a cikin Amurka, don haka kuɗin tallar da ake kwaɗaita masa ba ya zuwa wa baƙo da sauƙi kamar ɗan ƙasa.

Ko ga wanda ya dace, farashin ba ƙarami ba ne. Udoka Azubuike ya bar Najeriya yana ɗan shekara 13, ya zama ginshiƙin jami'ar Kansas daga 2016 zuwa 2020. Mahaifiyarsa ba ta sake ganinsa ba sai a 2018, da ta samu biza ta je San Antonio kallon wasan kusa da na ƙarshe, bayan kimanin shekara shida. A daren, Villanova ta tura dogayenta can bayan layi, ta janye shi daga ƙarƙashin kwando, ta zura ƙwallo 18 masu maki uku, ta doke Kansas da 95 da 79.