HANYOYI, WUTA DA RUWA A KAN IYAKAR NIJERIYA DA NIJAR

Iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Jumhuriyar Nijar ta kusa kai kilomita 1,500, tun daga gefen Kogin Kwara a yamma har Tafkin Chadi a gabas. Jihohi bakwai na ƙasar nan suna kan wannan iyaka, watau Kebbi, da Sakkwato, da Zamfara, da Katsina, da Jigawa, da Yobe, da Borno. Ingilishi da Faransawa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin da suka ƙulla tun daga 1898, suka kuma kafa duwatsun alama tsakanin 1906 da 1908. Amma layin da suka ja ya ratsa ta tsakiyar 'yan'uwa ne. Alal misali, har yanzu ana kiran sarkin Maradi da Sarkin Katsina, domin zuriyar sarakunan Katsina na dā ce ta kafa garin bayan jihadi. Saboda haka duk abin da aka gina a wannan yanki, ko titi ne, ko turken lantarki, ko madatsar ruwa, amfaninsa da illarsa ba sa tsayawa a shingen kwastan.

HANYOYIN MOTA

Manyan ƙofofin da motoci ke bi su ne Kamba a Jihar Kebbi, da Illela wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni, da Jibiya a kan hanyar Katsina zuwa Maradi, da Kwangwalam ta wajen Daura zuwa Damagaram, da kuma Maigatari a Jihar Jigawa. Daga arewa ake shigo da shanu da raƙuma, da wake, da albasa, da kanwa, da dabino. Daga kudu kuwa ake fita da hatsi, da goro, da siminti, da kayan masana'antun Kano da Ikko. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda ake cinikin dabbobi da Naira da Sefa a wuri guda, ba ya bukatar wani dogon bayani a kan wannan.

Wani abu da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, a dā motocin Nijeriya hannun hagu suke bi kamar na Ingila, na Nijar kuwa hannun dama. Direba in ya ƙetare iyaka sai ya sauya hannu, kuma ba a rasa samun haɗari saboda mantuwa. Ran 2 ga watan Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma bin hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta.

JIRGIN ƘASA

Dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, sa'an nan Maiduguri a 1964. Duk waɗannan rassa sun nufi arewa, amma babu ɗayansu da ya taɓa iyaka. Dalili kuwa a fili yake: Turawan mulki sun shimfiɗa dogo ne don kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, ba don sada zumunci tsakanin Katsina da Maradi ba. Duk da haka, gyaɗar ƙasar Maradi da ta Damagaram ta daɗe tana gangarowa Kano a kan raƙuma da manyan motoci, daga nan jirgi ya ɗauka zuwa Ikko, har Faransawa suka tashi a shekarun 1950 suka yi ƙoƙarin karkatar da ita ta Dahome, wadda yanzu ake kira Binin.

A watan Fabrairu, 2021, aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar. An tsara zai bi ta Ɗambatta, da Kazaure, da Daura, da Mashi, da Katsina, da Jibiya, tare da reshe daga Kano zuwa Dutse. Faɗinsa milimita 1,435 ne, alhali tsohon dogo milimita 1,067 ne, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan.

Wasu 'yan ƙasa sun yi tambaya, me ya sa za a kashe kuɗin Nijeriya a kai dogo wata ƙasa? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. Da farko, mafi yawan tsawon dogon a cikin Kano da Jigawa da Katsina yake, ɗan guntu ne kawai ya shiga Nijar. Na biyu, Nijar ba ta da teku, tilas kayanta su bi ta tashar jiragen ruwan wata ƙasa, kuma shekara da shekaru Kwatano ce ta ci wannan riba. In kayan suka koma bi ta Ikko, kuɗin sauke kaya da na dako da aikin yi duk nan za su zauna. Amma fa wannan lissafi ba zai tabbata ba sai dogon ya haɗu da Ikko ba yankewa, sai kuma an rage jinkiri a tashoshinmu, domin ɗan kasuwa inda ya ga sauƙi nan yake bi.

WUTAR LANTARKI

A nan ne dangantakar ƙasashen biyu ta fi ƙarfi, a nan ne kuma aka fi yi mata gurguwar fahimta. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968. A 1976 aka ja babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A shekarun 1990 aka ƙara wani daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ba Maradi da Damagaram. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Nijeriya take zuwa.

Mutumin da ke zaune cikin duhu a Gusau ko a Aba yana iya jin haushi in ya ji haka. To, sai a lura da abu biyu. Wutar nan sayar da ita ake yi ga kamfanin lantarki na Nijar, ba kyauta ba ce, kuma kaɗan ce in aka gwada da abin da Nijeriya ke samarwa. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya iso mana. Ruwan da ke juya injunan Kainji da Jebba sai ya wuce ta gaban Yamai tukuna. Muddin Nijar na samun wuta cikin sauƙi daga kudu, ba ta da gaggawar tare kogin. In kuwa ta rasa, dole ta nemi tata. Ga shi kuma ta daɗe tana aikin madatsar Kandaji a arewa da Yamai. Shi ya sa ƙasashen da kogin ya ratsa suka kafa hukuma a 1964, wadda aka sake wa fasali a 1980 ta zama Hukumar Kula da Kogin Kwara, mai hedkwata a Yamai.

An ga gaskiyar wannan bayan juyin mulkin da soja suka yi a Nijar ran 26 ga watan Yuli, 2023. Bisa takunkumin Ƙungiyar ECOWAS, Nijeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka. Biranen Nijar suka shiga duhu, amma kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari su ma suka mutu murus, manyan motoci suka yi layi a bakin iyaka har kayan gwari suka ruɓe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu, 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Ba wannan ne karo na farko ba, domin an rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, an kuma sake rufewa a watan Agusta, 2019, don yaƙi da fasa-ƙwauri. A wannan karo na biyu Illela da Maigatari sun buɗe a watan Disamba, 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu, 2022.

RUWAN SHA DA NA BAN-RUWA

Kogin Gada ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maradi, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. A kansa aka gina madatsar Jibiya don noman rani da ruwan famfo. In aka tare ruwa da yawa a Jibiya, manomin fadamar Maradi zai ji a jikinsa, haka ma na gabashin Sakkwato wanda ɗan Nijeriya ne. Don maganin irin wannan ne ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990, wadda ta shafi raba ruwan koguna huɗu, har da Gada da Komadugu Yobe. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ita aka ɗora wa lura da ita.

ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin zama kwana 90 a wata ƙasar ba tare da biza ba. Nijar ta fita daga ƙungiyar ran 29 ga watan Janairu, 2025, amma a ranar ƙungiyar ta umurci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan Nijar har sai an yanke wata shawara. Saboda haka wajibi ne mai niyyar tafiya ya fara tambayar ofishin shige da fice mafi kusa da shi. Ya riƙe fasfo ko takardar tafiya mai inganci, da katin allurar shawara, in da mota zai tafi ya haɗa da takardunta da inshora. Ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, ya bayyana kayan da ya ɗauko, duk kuɗin da ya biya kuma ya nemi rasit. Mazauna garuruwan da layin wuta ya ratsa, in sun ga ana kwance ƙarfen turke ko ana yanke waya, su sanar da mai unguwa ko 'yan sanda nan da nan, domin turke ɗaya in ya faɗi tsakanin Kainji da Birnin Kebbi, Sakkwato da Yamai tare suke kwana cikin duhu.