Aikin Gwaiwa ta Ƙananan Huji: Abin da Ya Kamata Mu Sani

A Zango da ƙauyukanta akwai manoma da 'yan dako da ke fama da gwaiwa, wadda wasu ke kira ƙaba, amma kunya ta hana su faɗa. Ba sammu ba ne. Bangon ciki ne ke yin rauni, sai hanji ya turo ta wurin, a matsematsi, ko a cibiya, ko a tabon tsohon aiki. Jiƙo da ɗaurin ƙugu ba sa toshe wannan kafa, sai tiyata.

Tun farkon shekarun 1990 likitoci suka soma gyara ta ba tare da doguwar tsaga ba. Akan sa wa majiyyaci maganin barci, a yi huji uku, kowanne bai wuce faɗin yatsa ba. Sai a hura iska cikin ciki domin a sami fili, a zura siririyar kyamara, likita yana kallon allo yana aiki. Yakan mayar da hanjin wurinsa, ya shimfiɗa wata raga ta ciki, nama ya bi ta ya kama. Zafin bai kai na tsaga ba, mutum kuma yakan koma aiki da wuri. Ta fi amfani ga mai gwaiwa ta ɓangare biyu, ko wanda tasa ta dawo bayan an tsaga.

Sai dai tana da tsada. Tana bukatar na'urori, da wuta tsayayya, da ƙwararren likita, shi ya sa sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mu a ganinmu, kada kowa ya zauna jiran ta. Tsohuwar hanyar, idan an sa raga, tana da ƙarko kamar sabuwar, har ana iya yin ta da allurar kashe zafi kawai. Wani bincike a Uganda a 2016 ma ya nuna raga mai araha, irin ta gidan sauro da aka tsabtace, ta yi daidai da mai tsada. A fara zuwa asibiti a Daura a duba, musamman bayan kaka, domin a warke kafin shuka.

Idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, bayan gida ya tsaya, to hanji ya shaƙe ke nan, yana iya ruɓewa cikin 'yan sa'o'i. Kada a danna shi da ƙarfi, kada a ba shi abinci. A nemi mota a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.