Jarumin da Ke Tsoron Duhu: Yadda Ake Gina Mutum a Wasan Ravenloft

Yau mun kawo muku wani wasa da ba a yi da waya ko kwamfuta. Kayansa kaɗan ne: teburi, takarda, fensir, dayis irin wanda ake jefawa a lido, sai mutum huɗu ko biyar masu son labari. Sunansa Dungeons & Dragons, kuma wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Mutum ɗaya ne jagora. Shi ke bayyana gari da daji da duk wanda za a haɗu da shi a hanya. Sauran kuwa kowa yana riƙe da jarumi guda, yana magana da bakinsa, yana zaɓa masa abin da zai yi. Idan abin da aka zaɓa yana da wuya, kamar haura katanga, sai a jefa dayis mai fuska 20 a ga ko an dace. Tun da wuri mu kwantar wa malamanmu hankali: ba a zuba kuɗi, babu wanda ke cinye wani. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro ke da ikon sa baki, su juya akalar labarin.

A yawancin labaran wasan, jarumi ƙarfi yake nema: takobi mai kaifi, dukiya, kashe dodanni. Amma akwai wani reshe da ya juya wannan lissafin, wato labarin ban tsoro irin na gotik. Sunan ya samo asali ne daga salon ginin tsofaffin majami'u da fadoji na Turai, kuma a adabin Ingila aka fara irin wannan rubutu. Horace Walpole ya buga The Castle of Otranto a 1764, Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818, sai Dracula na Bram Stoker a 1897. Abin da ya haɗa su shi ne tsohon gida, tsohon laifi da ya ƙi binnuwa, da mugun da asalinsa mutum ne kamar kowa.

Tracy Hickman da matarsa Laura ne suka shigo da wannan salo cikin wasan a 1983, da littafin Ravenloft. An sake gina shi a 2016 da sunan Curse of Strahd. Labarin yana faruwa a wata ƙasa ta almara, Barovia, wadda hazo ya kewaye. Wanda ya shiga ba ya iya fita. Mai mulkinta shi ne Strahd von Zarovich. A da mayaƙi ne da ya ci ƙasar da yaƙi. Sai ya kamu da son Tatyana, wadda ƙaninsa Sergei zai aura. Hassada ta kai shi ga ƙulla yarjejeniya da wani mugun iko, ya kashe ƙanin nasa ranar bikin. Tatyana ta guje masa ta faɗo daga saman fadar, shi kuma ya zama gawa mai rai da ke shan jinin mutane.

To, wane irin jarumi ne ya dace da wannan wuri? A nan ne sababbin 'yan wasa suke tafka kuskure. Kowane jarumi yana da takarda mai ɗauke da lambobi shida: ƙarfi, zafin nama, juriyar jiki, ilimi, basira da kwarjini. Sai mutum ya duƙufa kan lambobin, ya fito da wani basamude maraya wanda ba ya son kowa, ba ya tsoron komai, ba shi da abin da zai rasa. A ra'ayinmu wannan shi ne jarumi mafi rashin amfani a Barovia. Ta ina za a tsorata shi? Jagora zai yi ta kwatanta kukan kyarkeci da ƙarar tsohuwar ƙofa, shi kuwa yana hamma.

Jarumin da ke sa wasan ya yi armashi shi ne mai tabo. A ce likita ce da ta kasa ceton ƙanwarta, har yau tana yawo da awarwaronta a jaka. Ko soja da ya tsere daga fagen fama ya bar abokansa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Waɗannan misalanmu ne, amma littafin na 2016 ma ya tanadi irin wannan tarihi na mutumin da wani abin firgici da ya gani ke bibiyarsa. Amfanin tabon a fili yake: ya zama ƙofar da jagora zai bi. Ranar da Strahd ya gayyaci jaruman cin abinci a fadarsa, kamar yadda yake yi a labarin, cikin ladabi zai dubi likitar nan ya nuna mata cewa ya san hanyar dawo da matattu. Daga nan kaifin takobi ya daina zama abin dubawa. Kowa a teburin zai zuba wa mai riƙe da likitar ido, ya ji za ta karɓa ko za ta ƙi.

Ba banza Strahd ke yin haka ba. Cikin burinsa a littafin har da neman wanda zai gaje shi, saboda haka yana auna baƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Kuma shi kansa misali ne na abin da zai iya samun kowannensu, tunda da son rai ya fara, ba da haƙoran shan jini ba.

A 1990, da aka faɗaɗa Ravenloft ta zama duniya mai ƙasashe da yawa, an mayar da wannan tunani doka. Idan jarumi ya aikata mugun abu, jagora zai jefa dayis ya ga ko boyayyun masu ikon wurin sun lura da shi. In sun lura, sai su ba shi kyauta haɗe da la'ana: ya riƙa gani a duhu, misali, amma wani abu a jikinsa ya sauya. Da farko abin kamar riba. Haka zai yi ta gangarawa mataki-mataki. Littafin Van Richten's Guide to Ravenloft na 2021 ya ƙara gaba, ya ba da damar a fara wasa da jarumin da tuni yake ɗauke da irin wannan baiwa mai tsada. Ya kuma ba da shawarar da muka yaba: kafin a fara, a zauna a tambayi kowa abin da ba ya son a ambata a labarin, domin jarumi ake so ya firgita, ba a aika ɗan wasa gida da damuwa ba.

Jarumi yana iya mutuwa a wannan wasa, kuma in ya mutu sai mai shi ya ɗauki sabuwar takarda ya gina wani. Amma a dokar 1990 akwai abin da ya fi wannan ciwo. Wanda ya kai matakin ƙarshe na lalacewa ba ya mutuwa. Mai shi zai miƙa takardarsa ga jagora, a ba jarumin tasa ƙasar da hazo ya rufe, ya zama ɗaya daga cikin mugayen da abokansa na jiya za su yi ta gudu.